Bazara guda da hidimomin tawunshif ɗinmu a Fensilbaniya, na ba su tauraro huɗu

Tun watan Yuni nake cewa zan rubuta abin nan amma yara da zafi ba su bar ni ba, yanzu da aka koma makaranta gida ya yi tsit bari in zauna in faɗi yadda muka kwashe da tawunshif ɗinmu a bazarar bana, don akwai 'yan uwa da yawa da suka tare a yankin nan kwanan nan kuma kullum tambayar ɗaya ce a waya, wai su waye ke kwashe shara, ina ake kai yara in an yi hutu, wa ake kira in rami ya ɓulla a titi. Mu muna gefen Filadelfiya ne a jihar Fensilbaniya, shekararmu ta biyar ke nan a gidan da muke. Ba zan kama sunan tawunshif ɗin ba tunda akwai ƙorafi a maganata, amma tsarin kusan ɗaya ne a duk faɗin jihar. In tauraro ake bayarwa to na ba su huɗu cikin biyar, ɗayan da na riƙe kuma akwai dalili, zan zo kansa.

Ga wanda bai gane kan abin ba tukuna, tawunshif ƙaramar hukuma ce, ita ce mafi kusa da ƙofar gidanka. Jihar nan tana da kawunti, wato gundumomi, guda 67, a ƙarƙashinsu akwai ƙananan hukumomi sama da 2,500, wasu birane ne wasu boro wasu tawunshif, shi tawunshif ɗin ma aji biyu ne. Namu na aji na biyu ne, irinsa sun haura 1,400 a jihar, mutum uku ko biyar ake zaɓa su riƙe shi, ana ce musu sufabaiso, wa'adinsu shekara 6. Abin da ke rikita baƙo shi ne sunan garin da ke jikin adireshinka na gidan waya ba lallai shi ne sunan hukumarka ba. Shekararmu ta farko na kira ofishin garin da ke kan adireshinmu kan maganar shara, matar da ta ɗauka ta saurare ni tsaf sannan tace ai ku ba namu ba ne, ta ba ni lambar inda ya kamata. Don haka kafin komai ka duba takardar harajin gidan ko ka tambayi mai gidan da kake haya, a nan za ka ga sunan gaskiya.

Kuma ba kyauta suke mana ba fa, kuɗinmu ne. Ana cire kashi 1 cikin 100 na albashin Abban yara, tawunshif da hukumar makarantu su raba, akwai kuma dala 52 a shekara da ake cira a ba hukumar wurin da mutum ke aiki, sai harajin gida wanda kaso mafi tsoka nasa na makarantu ne, na tawunshif ɗan kaɗan ne a ciki. Mai haya ma yana biya, a cikin kuɗin hayarsa yake. Shi ya sa ban jin nauyin tambaya ko ƙorafi, kuma shi ya sa nake jin haushi in na ga 'yar uwa ta kulle yara a falo wata biyu da rabi suna kallon waya alhali ga fili ga wasanni an tanada da kuɗinta.

Shara dai ba ni da abin cewa sai godiya. A wasu tawunshif kowane gida shi ke neman kamfanin da zai kwashe masa, mu kam hukuma ce ta yi kwangila da kamfani ɗaya, sau ɗaya a mako motar ke zuwa da sassafe, durom ɗaya na shara ɗaya na kayan risaikil wato kwali da gwangwani da robobi da kwalabe. Raba su ɗin doka ce a jihar tun 1988 ga hukumomin da ke da yawan jama'a. In hutun ƙasa ya faɗo cikin mako sai ranar ta matsa gaba da kwana ɗaya, wannan a riƙe shi da kyau don a zafin Yuli durom ya kwana biyu a bakin titi warin ba a magana. Sau ɗaya tak suka tsallake layinmu a bazarar nan, na kira da ƙarfe tara, kafin la'asar mota ta dawo. Tsohuwar talabijin ɗinmu ce kawai suka ƙi ɗauka, suka manna mata takarda mai ruwan lemo suka wuce, ashe tun 2013 doka ta hana zuba talabijin da kwamfuta a shara, akwai ranar da ake warewa a kai su, mun kai kuma an karɓa ba wata wahala.

To ga inda tauraron nan ya faɗi. Tawunshif na aiko da wata 'yar mujalla ta gidan waya sau huɗu a shekara, komai da komai na ciki, ranakun biki, jadawalin shara, titunan da za a yi wa kwalta, rajistar wasannin yara, har da bayanin yadda aka kashe kuɗi. Mujallar tana da kyau wallahi, ni ina karanta ta daga bango zuwa bango. Matsalar ita ce ba ta zuwa a kan lokaci. Ta bazarar bana ta shigo akwatinmu bayan an buɗe rajistar sansanin yara da kusan mako biyu, ina buɗe shafin na ga ranar ta wuce gabana ya faɗi, na hau intanet da sauri na tarar rukunin 'yan shekara shida zuwa takwas ya cika maƙil, sai jerin masu jira. Babbar da ta tsakiya sun samu, autana bai samu ba, kuma shi ne ya fi kowa ɗoki tun hunturu yake lissafi. Ranar ya yi kuka har ya yi barci. Na kira ofis, yarinyar da ta ɗauka ta ba ni haƙuri sosai tace ai sun sa a Facebook da shafinsu tun tuni. Nace mata to wanda bai bin ku a Facebook fa, tsofaffin da ke riƙon jikoki fa, sabbin zuwa da ba su ma san kuna da shafi ba fa? In har takarda ce hanyar da kuka ce kowane gida zai ji labari to ta riga ranar isowa mana. Shi kansa shafin rajistar wahala ne da shi a waya, sai ka cike komai ka zo biyan kuɗi ya mayar da kai farko, sau uku ina yi kafin ya karɓa, daga baya na gane a kwamfuta ya fi tafiya daidai.

Allah ya taimaka bayan mako biyu da fara sansanin wani ya janye aka kira mu. Kuma gaskiya sansanin kansa ya cancanci duk wannan rububin. Daga safe zuwa bayan azahar ne, mako shida, a babban filin wasan tawunshif, kuɗinsa bai kai rabin na masu zaman kansu da na tambaya ba. Masu kula da yaran 'yan sakandare ne da 'yan jami'a da suka dawo hutu, da farko raina bai kwanta ba na ga yara ne za su riƙe yara, amma akwai babba a kansu kuma ba a ba kowa yaro sai ya nuna kati, ranar da ƙanin Abban yara ya je ɗauko su ba sunansa a takarda ƙememe suka hana shi har sai da suka kira ni. Na ji daɗin wannan ƙwarai. Akwai ranar da suke sayen fiza, na faɗa wa mai kula da rukunin autana cewa yarana ba sa cin naman alade, yarinyar nan ta ciro biro ta rubuta a bayan katin da ke wuyanta, tun daga nan kullum sai ta ware musu mai cuku zalla kafin sauran su taɓa, ban taɓa sake tuna mata ba. Ranakun da zafi ya kai digiri 95 a ma'auninsu, wato 35 ke nan a salshiyos, sai su kwashe yaran zuwa cikin ɗakin taro mai sanyi su turo mana saƙo.

Abu ɗaya da zan ja kunnen iyaye a kai shi ne kaska. Jihar nan tana cikin waɗanda suka fi fama da cutar Lyme a Amurka kuma kaska ce ke kawo ta. Wani dare ina tsefe wa ta tsakiya kai na ji wani ɗan ƙullutu a bayan kunnenta, na haska fitilar waya na ga kaska ce ƙarama kamar ƙwayar riɗi ta kafe kai, na sa ɗan matsefin cire gashi na kama ta daf da fata na zaro a hankali, na sa a leda muka tafi da ita wajen likita da safe, alhamdulillahi ba komai. Ana yanke ciyawar tsakiyar filin a kai a kai amma gefen da ya haɗu da daji ciyawa ta kai gwiwa kuma nan ƙwallo ke faɗawa yara su bi. Na yi magana, bayan 'yan kwanaki na ga an sassabe wajen. Duk da haka a riƙa duba su kullum in sun dawo, bayan kunne, hammata, bayan gwiwa, cikin gashi.

Wurin iyo kuwa tsaf yake, ruwan garau, masu ceto ba sa wasa, kuma darasin koyon iyo da suke yi da safe shi ne abin da ya fi amfanar gidanmu a bana don babbar yanzu tana ratsa ruwan daga wannan gefe zuwa wancan. Ba wanda ya taɓa yi mana magana kan kayan wanka masu rufe jiki da 'yan matan ke sawa. Ni dai ban shiga ba don babu lokacin mata zalla, na tambaya aka ce babu a tsari, ina ganin in mun taru mun nema da yawanmu ko awa biyu a mako za a iya dubawa. Ƙarshen Agusta kuma sai aka riƙa rufewa da wuri saboda 'yan jami'ar da ke aikin ceto sun koma karatu, wanda ya sayi katin shiga na duk bazara ya san da wannan.

Sai bukukuwa, wanda nan ne suka fi ƙoƙari. Ana buɗe bazara da faretin tunawa da sojojin da suka mutu, Litinin ta ƙarshe a watan Mayu, 'yan badujalar makarantar sakandare a gaba, tsofaffin sojoji cikin buɗaɗɗun motoci, motocin kwana-kwana a baya suna jefa wa yara alawa. Daga nan duk mako akwai kiɗa a fili da yamma, kyauta, kowa ya zo da kujerarsa ko tabarma, wani lokacin kuma a kafa babban allo a nuna wa yara fim in duhu ya yi, sai dai fa duhun ba ya yi sai wajen tara saura a watan Yuni don haka mai ƙananan yara ya shirya kwanan dare. Mu mukan yi magariba a can gefe ƙarƙashin bishiya, ba wanda ya taɓa ɗaga mana kai.

Babbar rana ita ce 4 ga Yuli, ranar 'yancin ƙasar, kuma tunda a Filadelfiya aka amince da takardar 'yancin a 1776 mutanen yankin nan suna ɗaukar ranar da zafi. Tun la'asar fili ya cika, gidan tsalle na iska, zanen fuska, motocin abinci jere. Wasan wutar da aka yi da dare ya kai minti ashirin, autana ya toshe kunne da hannu biyu amma idonsa na sama bakinsa a buɗe, wata tsohuwa da ke kusa da mu ta ciro abin toshe kunne sabo a leda daga jakarta ta miƙo masa, tace jikanta ma haka yake. Inda suka gaza shi ne fita, hanya ɗaya ce tak daga wurin ajiye motoci, mun fi minti arba'in a layi yara sun yi barci a baya, ga banɗakunan roba da aka kawo sun yi kaɗan, layin mata har ya zagaye. Abinci kuma in kana kiyaye halal to ka ci daga gida ko ka zo da kularka, mu masara da dankali da askirim kawai muka iya saya. Na rubuta musu a takardar jin ra'ayi cewa ko mota ɗaya ta halal a gayyato, akwai su da yawa a cikin birni.

Wanda ya fi damuna ba na hukuma ba ne, na maƙwabta ne masu harba nasu nokawut ɗin a tsakar layi. Tun 2017 jihar ta halatta wa mutane sayen manyan, a 2022 aka gyara dokar, ba a harbawa a ƙasa da ƙafa 150 daga gini ko mota, kuma a ranakun 2 da 3 da 4 ga Yuli an yarda har ƙarfe ɗaya na dare. A layi irin namu da gidaje ke manne da juna babu ma inda ƙafa 150 ɗin za ta samu, amma haka aka yi ta yi kusan mako guda, da safe na tsinci ƙonannun kwalaye a kan motarmu. Na kira lambar 'yan sanda wadda ba ta gaggawa ba, sun zo amma kafin su iso an watse. Ina ganin da an buga dokar ɓaro-ɓaro a shafin farko na mujallar da an samu sauƙi.

Taron da na fi so duk bazarar shi ne na Talatar farko ta Agusta, wanda suke kira National Night Out, an fara shi a 1984 kuma daga wata ƙungiyar masu sintirin unguwa ta nan gefen Filadelfiya ya samo asali. 'Yan sanda da 'yan kwana-kwana da masu motar asibiti duk suna fitowa da kayan aikinsu, yara su hau mota su danna jiniya. A nan na tsaya hira da wani ɗan kwana-kwana mai furfura yana ɗora wa autana hularsa, hular ta rufe masa fuska har haɓa, nake tambayarsa awa nawa suke aiki a rana, yace shi ai makanike ne, wannan sa kai ne ba a biyansa ko sisi, in ƙararrawa ta buga ko tsakar dare ne ya bar gadonsa ya fito. Jikina ya yi sanyi. Ashe yawancin 'yan kwana-kwanan jihar nan haka suke, al'adar ta daɗe tun kamfanin da Benjamin Franklin ya kafa a Filadelfiya a 1736, kuma suna ta raguwa, daga wajen 300,000 a shekarun 1970 zuwa kimanin 38,000 a 2018. Wasiƙar neman gudummawa da suke aikowa duk shekara da nake haɗawa da takardun talla in zubar, da muka dawo gida nace Abban yara don Allah nemo min ita, muka aika musu abin da ya sawwaƙa a daren.

Maganar rajistar nan ba ta bar raina ba sai da na je taron sufabaiso na wata-wata. Dokar jihar ta ce a yi taron a buɗe, a fitar da ajanda aƙalla awa 24 kafin a zauna, kuma a ba mazauna dama su yi magana, ba sai kana da katin zaɓe ba, zama a wurin ya isa. Mu bakwai ne kacal a kujerun jama'a. Aka ba ni minti uku, muryata na rawa na faɗi sunana da layinmu na ba da labarin mujallar da autana, na roƙi a riƙa aiko da ita da wuri ko a ware wasu gurabe ga masu zuwa ofis da ƙafarsu. Shugabar taron ta rubuta, manajan tawunshif ɗin yace daga wajen masu bugawa aka samu jinkiri kuma za su duba. Ban san ko za a gyara ba sai mun ga ta baɗi. A taron ne ma na gane dalilin da ramin babban titinmu ya daɗe alhali na cikin layi kwana uku da kai rahoto aka cike shi, ashe babban titin na jiha ne, tawunshif ba ta da hurumin taɓa shi, wani ofishin daban ake kai ƙara.

Wasu ƙananan abubuwa da sabbin zuwa ke faɗawa ciki, in za ka kafa shinge ko rumfa a bayan gida sai ka karɓi famit, wato takardar izini, a ofis, kuma kafin ka haƙa ƙasa ko na dashen bishiya ne ka kira 811 kwana uku na aiki kafin ranar, kyauta za a zo a yi alama da fenti inda bututun gas da wayar lantarki suka bi. Ciyawar ƙofar gida in ta wuce tsawon da suka ƙayyade takarda za ka tarar a ƙofa, mun yi tafiyar mako uku a bara muka dawo muka same ta, gargaɗi ne kawai ba tara, amma a bana da za mu fita sai da muka bar wa yaron maƙwabta aikin. Sannan kowa ya je shafinsu ya sa lambarsa a tsarin saƙon gaggawa, shi ya sanar da mu ranar da hayaƙin gobarar dajin Kanada ya turnuƙe sama a Yunin 2023 aka ce a tsare yara a ɗaka, shi ne kuma ke faɗa in an ɗage biki saboda hadari.

Mujallar kaka ta iso shekaranjiya, wannan karon da wuri, akwai jadawalin kwashe ganye layi-layi, an ce a tara su a bakin titi kar a sa a leda kuma kar a toshe magudanar ruwa, namu layin sai makon farko na Nuwamba. Na yanke shafin na manna a jikin firij, na kuma sa wa wayata ƙararrawa tun daga farkon Maris in fara leƙa shafin rajistar sansani kullum da safe, ba zan sake jiran takarda ba.